Kwalbar da Ke Kiran Hambali

A shekarar da asibiti ya fara raba kwalbar magani mai magana, aka ce sai wani na gida ya naɗa mata muryarsa, ya kira sunan majiyyaci. To, Hambali ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa faɗar sunansa ba saboda kunya. Ranar da za a naɗa, ta rufe fuska da mayafi, ta faɗa. Da damina ta rasu.

Kullum da safe kwalbar ba ta shiru sai an buɗe ta: "Hambali, sha maganinka."

Yau har azahar bai buɗe ba, ƙafafunsa sun kumbura.

"Malam, ciwon zuciyar nan ba ya jira fa," in ji matarsa Tasalla, tana hawaye.

"Na sani. Bari ta ƙara kira sau ɗaya."