Injin Motar Zakiyyu

"A kwance ta! Wallahi sai an kwance ta a gaban kowa!"

Dabo ya buga rimot ɗinsa da ƙasa. Ƙaramar motar Zakiyyu ce ta sake wuce tasa a kwanar ƙarshe, a filin da masu tseren motocin rimot na Daura ke haɗuwa bayan La'asar.

Dokar ƙungiyar ba ta da wuya: inji iri ɗaya, batir iri ɗaya, gwanintar hannu ta raba gardama.

"Dabo, ka ji tsoron Allah," in ji Malam Sharfaddeen, alƙalin tseren. "Ƙazafi fa kake yi wa ɗan'uwanka."

"Wane ɗan'uwa? Macuci dai! Ya canja inji!"

Zakiyyu ya miƙa motarsa. Malam ya kwance ta, ya ciro injin, ya ɗaga kowa ya gani. Jan fentin da ƙungiya ke ɗiga wa kowane inji yana nan, ko ƙwarzane babu.

"Ka gani? Na ƙungiya ne."

"Ƙarya ne!" Dabo ya daka tsawa, idanunsa jawur. "Ku sake dubawa! Ni da na je har Kano na sayo injin da ya ninka wannan gudu, na sa a tawa? To ku gaya mini, ta yaya zai wuce ni in ba ha'inci ya yi ba?"

Kowa ya juyo yana kallon Dabo.

Malam Sharfaddeen ya mayar wa Zakiyyu motarsa, sannan ya juyo a hankali, ya miƙa hannu.

"To, Dabo. Kawo taka."