Kolonya a Kofin Baba

Ina 'yar shekara tara, wata la'asar na kai wa Baba shayi a ɗakinmu na unguwar Mansur, can ƙasar waje inda muke zaune. Tun da bom ya kashe Inna da ƙanina a kasuwa, lokacin da suka je ganin gida Najeriya, ya daina buɗe shago. Na tarar yana tsiyaya kolonya a kofi, turaren nan mai bugarwa kamar giya. Idanunsa sun yi ɗorawa, cikinsa a kumbure.

"Baba, ana shan turare?"

"Likita ya ce hantata ta ƙare, Uwata. Amma in ban sha ba, muryarsu nake ji."

Bai kai azumi ba. Har yau in ana lissafa waɗanda bom ɗin ya kashe, ba a sa Baba. Ni ina sa shi.