Igiyar Bindigar Kawu

Zabon daji na tsaye a gabana, hannuna kuma na rawa kamar kullum.

"In ka sake kuskurewa yau, zan karɓe bindigata," Kawu ya raɗa mini. "Naɗe igiyar bindigar a damtsenka, ka tamke sosai. Yauwa, ɗana."

Ikon Allah, bakin bindiga ya tsaya cak. Na ja kunama, zabo ya faɗi!

Na zabura ina tsalle. "Kawu, ka gani? Ka gani?"

Ya gani, har ya kwanta cikin ciyawa don dariya. Sai da iska ta bugi cinyoyina na tuna inda na samo igiyar da na ɗaura wa bindigar. Mazagin wandona ne, wandon kuwa ga shi a idon sawu.