Ranar da Aka Cire Ƙafafun Keken Luludi

Luludi tana tankaɗen gari a gindin keken dokin da suke kwana a ciki lokacin da 'yan sanda suka shigo sansanin, ɗauke da guduma da zarto. Farkon shekarar 1959 ne, a bayan garin Nitra, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Gwamnatin Cekoslobakiya ta yi doka a kan ƙabilarsu ta Roma, masu rayuwa a kan hanya: daga yanzu ba ɗan ƙabilar da zai ƙara yawo, inda aka tarar da mutum nan ne garinsu.

Mijinta Bano, dillalin dawaki, ya tare su da dariya don ya zaci irin korar da aka saba yi musu ce.

"Ranka ya daɗe, ba sai kun wahala ba. Bari dokin ya gama cin harawa mu ba ku wuri."

"Yau ba kora muka zo yi ba," in ji babbansu. "Zama za ku yi."

Suka cire ƙafafun keken, suka ja dawakin suka tafi da su. Bano bai ƙara yin dariya ba ranar.

Abin da ya tsaya wa Luludi a rai ba keken ba ne. Mahaifiyarta Zolfa tana tare da ayarin Grofo, ƙanen Luludi, can wajen Brno, kuma su ma dokar a can ta riske su. Da ma kowace shekara idan ƙanƙara ta narke ayarin biyu sukan haɗu a bakin kogin Hron, a kafa tukwane, a ɗaura aure, Zolfa ta kama kitson 'yarta tana faɗa.

"Dubi kanki kamar sheƙar hankaka! Dangin mijin nan naki ba su da mataji ne?"

Bana ƙanƙara ta narke, ba wanda ya je.

Aka ba su ɗaki a tsohon ɗakin ajiya na wata masana'antar bulo, aka sa Bano ɗaukar laka. Luludi ta je ofishin gunduma neman izinin fita, domin wanda ya bar yankinsa ba izini kurkuku ce makomarsa.

"Me za ki je yi?" in ji jami'in.

"Innata zan gani. Ta tsufa, ƙirjinta ba lafiya."

"Akwai likitoci a can. Ku fa gata aka yi muku, an ba ku rufi da aikin yi. Ki dawo wani watan."

Ta dawo, ta sake dawowa. Idan yamma ta yi takan fita bakin titi ta tsaya tana kallon hanyar da ta yi yamma, har sai Bano ya zo ya kama hannunta.

"Taho mu shiga, Luludi. Titin nan ba zai kawo miki ita ba."

"Ko muryarta in ji tana zagina, Bano. Shi ke nan fa abin da nake nema."

Sai da kaka ta wuce, sanyi ya sake kamawa, wani direban babbar mota ya kawo saƙo cewa jikin Zolfa ya yi tsanani. A nan ne jami'in ya yarda ya ba da izinin 'yan kwanaki. Luludi ta hau jirgin ƙasa da ƙunshin busassun 'ya'yan itace da tsohuwar take so.

Grofo ya tarbe ta a tasha, hularsa a hannu. Da ganinsa ta gane ta makara, an riga an binne Zolfa. Sai da suka tsaya a kan kabarin ya buɗe baki.

"Yaya, duk sanda mai kawo gawayi ya wuce da dokinsa sai ta ce a ɗaga ta, ke ce kika iso. Ni kuma sai in ɗaga ta."

Luludi ta durƙusa ta dafa ƙasar mai sanyi. Ba ta samu ta gama zaman makoki da danginta ba, izininta ya ƙare, ɗan sanda ya raka ta tasha ya tsaya har jirgin ya tashi.

Mai karatu, waɗanda suka yi dokar nan sun ce taimakonmu suke yi, mu 'yan ƙabilar Roma, amma ba su taɓa zama da mu sun tambaye mu ba. Kafin ka tsara wa mutane rayuwarsu, saurare su. Gyaran da ya raba uwa da 'yarta zalunci ne, ko da wane suna aka kira shi.