Masu Gadi Biyu a Kwamfutar Shagon Hoto

Mako uku ke nan Auta yana kallon abu ɗaya a kwamfutar shagon hoto: layin ajiya ya taso, ya kai kashi arba'in cikin ɗari, ya cije. Magidanci ne mai 'ya'ya biyu, sunan gida ne kawai ya bi shi. Shagon na yayansa ne. Yayan ke ɗaukar hoto, Auta ke gyarawa, kuma shi ke tabbatar da cewa aikin kowace rana ya bi ta waya ya shiga akwatin ajiya da ke ɗakin baya. Ko babbar kwamfutar ta mutu, hotunan mutane suna nan.

Matsalar ta faro ne ranar da aka sabunta manhajar kwamfutar. Sabuwar ta zo da nata mai gadin, wato manhajar da ke kama bairos, cutar da ke lalata kwamfuta. Yayan bai yarda da shi ba, sai ya karɓo wani a wajen abokinsa ya ɗora a kai, wai biyu sun fi ɗaya tsaro. Su kuwa masu gadin nan kowane kallon ɓarawo yake wa ɗan'uwansa. Duk hoton da zai fita zuwa akwati sai su riƙe shi suna ja-in-ja, har ajiyar ta tsaya cak.

Auta ya gane, amma lambar sirrin cire manhaja tana hannun yayan. Ya same shi cikin ladabi.

"Yaya, ajiya fa ba ta tafiya. A cire ɗaya daga cikin masu gadin nan, ko a kira mai gyara."

Mutumin nan, Allah ya zuba masa saurin hannu. Bai bari ya rufe baki ba ya ɗauke shi da mari, a gaban mata uku da suka zo hoton fasfo. Leɓen Auta ya fashe.

"Ni za ka koya wa kwamfuta? Lokacin da na saye ta kana ina? Ka sake kawo mini wannan shirmen, sai na karya maka yatsu."

Abin da ya fi tayar da hankali, katunan da kyamara ke adana hoto a ciki huɗu kacal gare su. Kowace safiya yayan zai watso su kan tebur ya ce a goge, zai fita aiki. Auta yana gogewa, alhali ya san hotunan nan wuri ɗaya tak suka rage, cikin babbar kwamfutar. Ya ƙara gwada magana sau ɗaya, yayan ya ɗaga hannu kawai, shi kuwa ya haɗiye sauran.

A gida matarsa ta ce, "Baban yara, ka sake faɗa masa mana."

"Kin dai ga leɓena," in ji shi.

Ranar wata Alhamis da rana tsaka kwamfutar ta yi ƙas-ƙas sau biyu, fuskarta ta yi baƙi. Ko awa ba a yi ba sai ga wani mai walda da ƙannensa biyu, sun zo karɓar hotunan bikin 'yarsa. Kwana huɗu bayan bikin, mahaifin su mai waldan ya rasu. Tsohon ba ya son hoto, ranar ce kaɗai ya yarda aka ɗauke shi riƙe da hannun jikarsa.

Aka duba akwatin ajiya a gabansu. Babu aikin ko rana ɗaya na makonni ukun nan.

Mai walda ya shaƙe wuyan yayan, ya haɗa shi da kabad ɗin gilashi, gilashin ya tarwatse. Ƙannen suka hau fitilu da kujeru da duka. Yayan yana kakari ya nuna Auta.

"Ga wanda ya ɓatar da su nan. Aikinsa ne."

A karon farko a rayuwarsa Auta ya mayar masa da magana. "Sau biyu na faɗa maka, Yaya. Marina ka yi."

Wannan gaskiyar a bainar jama'a ita ta fi shaƙar yi wa yayan ciwo. Ya fizge, ya rarumo ƙarfen da ake ɗora kyamara, ya kai wa ƙaninsa duka da iya ƙarfinsa. Bakin ƙarfen ya shige idon Auta na dama. Ya faɗi tsakanin tebur da bango, jini na bin yatsunsa har gwiwar hannu. Mai waldan da ya zo faɗa shi ya saɓa shi a kafaɗa ya fita neman mota.

Washegari mai gyara ya zo. Babbar kwamfutar ta tafi da komai, ya ce, amma cire mai gadi ɗaya aikin minti biyar ne, da an kira shi a kan lokaci.

A asibiti likita ya ce idon ba zai dawo ba, ɗayan ma a daina wahalar da shi gaban kwamfuta. Yayan ya shigo ya durƙusa gaban mahaifiyarsu yana kuka. Ba ta ko dube shi ba, bandejin Auta take kallo.

"Tun kuna yara kake dukansa, ni kuma ina cewa ai yayansa ne," in ji ta. "Ni da kai muka cire idon nan."

Jama'a, idan na ƙasa da ku ya ce abu ya lalace, ku saurare shi, ku kira wanda ya san aikin. Kuma a hana yaro saurin hannu tun yana ƙarami, domin duka ba ya gyara na'ura, mutum yake nakasawa.