Hanyar Bayan Dutse

"An buɗe gadar tun makon jiya, Shamsa! To don me har yau yake zagayawa da 'yata ta bayan dutse?"

Hilal na zaune a ɗakin baƙi, muryar Khamis, mahaifin Zuwaina, tana ratso bango. Kofin gahawa na gabansa bai taɓa ba, don mai neman aure ba ya kurɓa sai an amsa masa.

Tun da guguwa ta tafi da gadar unguwarsu a Maskat, har da motar Zuwaina, shi ke kai ta asibitin da take aiki, goggonsa na gefe tana gyangyaɗi. Hanyar dutse doguwa ce, shi kuwa tsawon nata yake so. Da aka gyara gadar, sai ya yi gum.

"Yaron nan mayaudari ne!" in ji Khamis.

"Kai fa?" in ji Shamsa, matarsa. "Lokacin da kake nema na, kullum kana rumfar babana sayen kifi, alhali ko warinsa ba ka so!"

Can sai ga dariyar dattijon, yana ƙoƙarin mayar da ita tari.

Ƙofa ta motsa. Zuwaina ce ta leƙo, ta dubi kofin, sannan ta dube shi.

"Zuwaina, maganar gadar nan..." in ji Hilal.

"Haba Hilal, ai daga tagar ɗakina nake hango ta," ta ce tana danne murmushi. "Ga Baba nan tafe, gahawarka ba za ta huce ba. Gobe ma ta dutse za mu bi."