Muryar Talatu a Cikin Gilashi

Tun da Talatu ta sayar wa kamfanin 'yan tsana muryarta, aka saka mata wani zobe mai hana magana a wuya, ba ta ƙara furta kalma ba. Doka ce.

Ranar Laraba ta riƙo hannun mahaifiyarta makauniya zuwa cefane, suka biyo ta gaban shagon 'yan tsanan Japan. A cikin gilashi wata jarumar sararin samaniya ke tsaye, shuɗin gashi har ƙugu, bindiga a kafaɗa.

"Sannu da zuwa, kin wuni lafiya?" in ji 'yar tsanar, da muryar Talatu sak.

Tsohuwar ta tsaya cak. Talatu ta ja hannunta, tsohuwar ta fizge.

"Je ki yi cefanen ki dawo," in ji ta. "Bar ni nan. Ita ko ba komai tana gaishe ni."